A Ɗauke Wuta Mu Ga Mawaƙi

Watan jiya muka aurar da ɗiyar yayata a nan Katsina. Ni ne kawun amarya, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wannan sarauta ya san yadda take: ba a neman shawararka a kan komai, amma duk inda kuɗi suka gaza kai za a kira. Cikin abubuwan da suka faɗo a wuyana har da mawaƙi. Amarya da ƙawayenta suka kafe a kan wani yaro da waƙarsa ke tashe a waya. Na ba da kafin alƙalami tun biki saura sati uku, na cika ragowar ranar ɗaurin aure, hannuna na rawa.

Daren dina, a wani ɗakin taro da ke wajen Ƙofar Ƙaura, mawaƙi bai iso ba sai goma saura. Ya shigo da baƙin tabarau cikin dare, yara huɗu na take masa baya. Ɗaya na riƙe da jaka, ɗaya na ɗaukarsa a waya, biyu kuwa aikinsu kawai su ɗaure fuska. Ba kalangu, ba ganga, ko gwangwani babu. Aka miƙa wa mai kwamfuta filashi, kiɗa ya tashi, lasifika ta ɗauka. Tsakani da Allah murya ta fita tangaran, ba gargada ko ɗaya. Mata suka taso da sababbin kuɗi, liƙi ya kankama, ni ma har na fara jin kuɗina ba su faɗa rijiya ba.

Ana tsakiyar waƙa ta biyu kwamfutar ta sarƙe. Rabin kalma ya maƙale mata a wuya, ta shiga "amar, amar, amar, amar", kamar injin niƙa ya haɗiyi dutse. Mawaƙi bai ankara ba. Bakinsa ya riga ya wuce baiti na gaba, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya yana nuna ango. Kafin mai kwamfuta ya gano bakin zaren, janareto ya yi tari biyu ya mutu. Duhu ya rufe, wuri ya yi tsit. Aka kunna fitilun waya, kuma kamar an haɗa baki, duk shi aka haska.

Baffana, ƙanen mahaifinmu, wanda ya haura tamanin kuma da ƙyar aka lallaɓo shi wurin, yana zaune a layin gaba. Shi ya fara magana. Ya ce, "To yaro, ga fili ga mai doki. Muna saurare." Yaron ya rusuna ya ce, "Baba, wallahi mura nake fama da ita." Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ikon Allah. Mura ta kama ka, ta bar na'ura."

Da a wani garin ne, da a take an nemi a maido kuɗi. Amma mu Katsinawa an ce kunya gare mu ba dai tsoro ba, sai kowa ya sunkuyar da kai kamar mu muka yi laifin. Tsofaffin matan dangin ango ne suka fid da mu. Wata ta sa aka kawo baho da ruwa, aka juye alewar da ke cikin wata ƙwarya aka kifa ta a kai, ta karɓi cokali biyu ta fara bugawa. Ta ja waƙar amada, sauran suka amsa. Minti ashirin aka yi kafin a samo mai a tada inji, kuma yau duk wanda ka tambaya a danginmu abin da ya fi tunawa a bikin, wannan minti ashirin ɗin zai kawo maka. 'Yan matan da suka matsa sai an ɗauko mai tabarau su suka fi kowa tiƙar rawa.

A mota, muna hanyar komawa Rafindadi, Baffa ya yanke hukunci. "Ni dai na sha faɗa maku, waƙa tana Daura. Ran da aka rufe Shata aka rufe ta." Ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Za ka ji ta a majalisun dattawa, a teburin mai shayi, a shirye-shiryen rediyo da ake bugo waya: fiyano da kwamfuta sun kashe waƙar Hausa, yaran yanzu ba mawaƙa ba ne, wasu ma har su ƙara da cewa hukuma ta hana abin kowa ya huta. Ban yi musu da Baffa a mota ba, don ba haka aka tarbiyyantar da ni ba, kuma a daren hujja tana hannunsa. A rubuce dai zan iya. Ni a ganina Baffa ya ga ɓarawo, amma maƙwabcin ɓarawon ya kama. Abin da aka yi mana a daren nan sunansa ha'inci, ha'inci kuwa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Abin bai zo mini a sabo ba, don an taɓa yin irinsa a wurin waɗanda suka fi mu kuɗi da kayan aiki. A ƙarshen shekarun 1980 an yi wasu samari biyu masu dogon kitso da iya rawa, Rob Pilatus Bajamushe da Fab Morvan Bafaranshe, ana kiransu Milli Vanilli. Waɗanda suka yi samartaka a lokacin za su tuna hotonsu a shagunan aski. Faifansu ya sayu miliyoyi a Amurka. A watan Yulin 1989 suna wasa gaban dubban mutane a garin Bristol na jihar Connecticut, sai na'urar da ke fitar da muryar ta sarƙe, ta riƙa maimaita guntun layi ɗaya ba ƙaƙƙautawa, sak yadda ta yi mana a Ƙofar Ƙaura. Pilatus ya ɗan ci gaba da rawa, da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai ya ranta a na kare ya bar dandamalin. Shi ko dabarar mura ba ta zo masa ba.

Abin mamaki, 'yan kallo ba su damu ba. Aka lallashi Pilatus ya dawo, wasa ya ci gaba, kuma bayan wata bakwai, a Fabrairun 1990, aka miƙa musu kyautar Grammy ta sababbin mawaƙan da suka fi fice. Masu kunne dai sun daɗe suna ƙus-ƙus, don in ana hira da samarin Turancinsu da ƙyar yake fita, amma in faifai ya juya sai ka ji Ba'amurke tsantsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A Nuwamban 1990 maigidansu Frank Farian, wanda ya ƙulla abin tun farko a Jamus, ya fito ya fasa ƙwai: ba su suka rera waƙoƙin faifan ba, wasu mawaƙa ne da aka ɓoye a sutudiyo, su an ɗauko su ne saboda kyan fuska da ƙira. Cikin 'yan kwanaki aka karɓe kyautar. Magana ta kai kotu, har kamfanin ya amince ya mayar wa masu sayen faifan wani abu daga cikin kuɗinsu. Ni nawa kuɗin sai dai mu haɗu a gaban Allah. Pilatus kuwa bai sake miƙewa ba har ya rasu a 1998.

To ga inda gizo ke saƙa. A daidai lokacin da duniya ke tsine wa samarin nan, mu muna cika silima muna kallon finafinan Indiya, inda kusan kowace jaruma motsa baki kawai take yi, kuma ba wanda ya fito yana cewa an cuce shi. Dalili shi ne ba a ɓoye ba. Sunan masu rera waƙoƙin, irin su Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi, suna nan a rubuce a fim da bayan kaset, kuma a ƙasarsu darajarsu ba ta gaza ta jaruman ba. Haka finafinan Hausa suka gada. Ƙaramin yaro ma ya san jarumin da ke zagaya bishiya ba shi ya yi waƙar ba. Motsa baki sana'a ce in an faɗa. Zamba yake komawa in ka karɓi kuɗin murya ka kawo leɓe.

Sai batun fiyano, wadda Baffa ke kira akwatin ƙarya. Kukan cewa na'ura ta lalata waƙa tsohon kuka ne, kuma ba mu muka fara shi ba. A Yulin 1965, a wani bikin waƙoƙin gargajiya da ake yi a Newport ta Amurka, Bob Dylan, wanda aka sani da jitar katako da waƙoƙi masu nauyin ma'ana, ya hau dandamali da jita mai amfani da lantarki. Wasu daga cikin masoyansa suka yi masa ihu. Da shekara ta zagayo, a Manchester ta Ingila, wani ya ɗaga murya cikin taro ya kira shi Judas, sunan da Kiristoci ke jifan maci amana da shi. Laifinsa kawai ya jona waya a bango. A 2016 wannan maci amanar aka ba kyautar Nobel ta adabi, saboda kalmomin waƙoƙinsa. Lantarki bai cinye masa ko baiti ɗaya ba, don dama akwai baitin.

Ita kuwa manhajar da ke sa muryar yaranmu ta riƙa karkarwa kamar an jefa ɗan tsako a gwangwani, wato Auto-Tune, labarinta ya fi ban dariya. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon. Sana'arsa ita ce a aika sauti cikin ƙasa, a saurari amsa-kuwwar da ta dawo, a lissafa inda mai yake kwance. Irin wannan lissafin ya juya ya yi manhajar daidaita murya, ta fito a 1997. Nufinsa a gyara ɗan kuskure a asirce, yadda tela ke ɗinke ɓaraka ba a gani. A 1998 masu haɗa wa mawaƙiya Cher kiɗa suka murɗa ta har maƙura, muryar ta fito kamar ta mutum-mutumi, duniya kuma ta ce a ƙaro. Wato ilimin da aka yi don haƙo mai, da shi ake haƙo mawaƙa yau a sutudiyoyin Kano da Kaduna. Kuma kamar rijiyar mai ne, wata a dace, wata a yi ta haƙa sai ƙura.

Amma babbar hujjata ba a Amurka take ba, tana kan gadon Baffa kusa da matashinsa: rediyonsa. Na taɓa tambayarsa sau nawa ya ga Shata ido da ido. Ya ƙirga da yatsu, sau uku. Ɗaya a Funtuwa, biyu a nan gari, kuma a ɗaya daga ciki yana can baya, ƙeyar mutane kawai ya kalla ya dawo. To duk sauran Shatan da ya cika masa kai, wanda yake iya jero maka baiti bayan baiti har da inda 'yan amshi ke shigowa, a ina ya same shi? A Rediyon Kaduna, a faifan garmaho, daga baya a kaset. Ba don makirfo da na'urar naɗar murya ba, da mutumin da aka haifa a Musawa a 1923 ya tsaya iya inda maƙogwaronsa ke kaiwa, da kuma ya rasu a 1999 sai dai a riƙa ba mu labari, kamar yadda ba mai iya cewa ga yadda muryar makaɗan tsohon Sarkin Katsina Korau take. Shata ya ci moriyar na'urar zamaninsa iya ci. Kuma mutumin da Amurkawa suka harba kumbo zuwa duniyar wata a 1969, shi kuma ya sa aka ɗauko kalangu ya yi wa kumbon waƙa, ba da shi za a kafa hujjar ƙin sabon abu ba.

Mu kuma daina yi kamar a zamaninsa kowa albarka yake sa masa. Mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, don a gidan Fulani roƙo abin kunya ne. Waƙarsa ta shan ruwa kuwa, kowa ya san ba ruwan randa ake nufi ba, kuma masu wa'azi ba su raga masa ba. Sai a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, muka koma ce masa Dokta da bakin da muka saba ce masa maroƙi. Barmani Choge ta Funtuwa, Allah ya jiƙanta, wadda irin kiɗanta ne ya rufa mana asiri a daren nan, na san mazan da a da ba sa barin matansu su je inda take wasa, wai bakinta ba linzami. Ta rasu a 2013, yanzu 'ya'yan waɗannan mazan ne ke cewa ina ma a sake irinta. A Amurka ma haka aka yi. A Janairun 1957 da aka nuna mawaƙi Elvis Presley a shirin talabijin na Ed Sullivan, kyamara ba ta sauka ƙasa da ƙugunsa ba, don kada girgizarsa ta ɓata tarbiyyar 'yan mata. 'Yan matan nan su ne kakannin da daga baya suka riƙa cewa waƙar jikokinsu hayaniya ce. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Abin da muke mantawa shi ne bara ma an yi kukan bara waccan.

Akwai kuma wani rashin adalci da muke yi ba mu sani ba. In muka ce mawaƙan da, Shata muke nufi, da Narambaɗa, da Ɗanƙwairo, da Sarkin Taushin Katsina, da Ɗan Maraya Jos. Ɗaruruwan da suka yi zamani da su suna damun mutane a kasuwa da gidajen suna, lokaci ya tankaɗe su ya zubar. Muna gwada tankaɗaɗɗen garin jiya da ɗanyen niƙan yau, dusa da tsaki duk a ciki. Wanda zai ce shi ya san wanda zai saura a rariya kuwa, ya tuna masanan kamfanin faifai na Decca, waɗanda suka saurari ƙungiyar mawaƙan Beatles, wadda daga baya ta gagari duniya, ranar 1 ga Janairun 1962 a Landan suka ce a kai kasuwa, suka ɗauki wata ƙungiyar. Ya kuma tuna kamfanin EMI da ya ƙi waƙar Prince Nico Mbarga ta yabon uwa, sai wani ƙaramin kamfani a Onica ya fitar da ita a 1976, ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin da suka fi sayuwa a tarihin Afirka. Waɗannan fa cin abincinsu ke nan, sauraron waƙa, kuma suka yi ɓatan kai. Ina ga ni da Baffa?

Duk da haka ba zan tashi ban ba Baffa haƙƙinsa ba, don akwai abin da ya salwanta da gaske. Shata a tsaye yake ƙera waƙa. Mutum zai shigo fili, a raɗa masa sunansa da na ubansa da garinsu, kafin ya zauna an gina masa baiti, makaɗa sun bi, 'yan amshi sun ɗauka. Wannan ba a kwana ɗaya ake samunsa ba. A da yaro zai yi shekaru yana ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya sha zagi da rana da ƙurar hanya, kafin a bar shi ya ja waƙa. Yau zai shiga sutudiyo da safe da kuɗin zama ɗaya, la'asar ta yi masa yana mawaƙi har da laƙabi. Tun da fiyanon Yamaha ta zauna a sutudiyoyin Kano tare da tashen finafinan Hausa, yaro ɗaya da yatsu goma yake yin aikin mutum goma. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun ajiye kalangu sun kama tuƙin Keke Napep. Makaɗan fada suna nan, muna ganinsu da tambari da algaita da kakaki in an fito hawan Sallah daga Ƙofar Soro, amma fita biyu a shekara ba ta riƙe gida.

Sannan ga lalaci. Waƙa ɗaya ce ake yawo da ita, a cire sunan wannan amarya a cusa na waccan. Wata ƙawar ɗiyarmu ta rantse cewa waƙar da aka yi mana ita aka yi a bikinta bara, ba a canza ko wasali ba, har da inda ake yabon ango da tsawo. Namu angon, Allah ya ba su zaman lafiya, in ya tsaya kusa da amarya sai ya ɗaga kai. Amma wannan ma ba fiyano ce ta rubuta ba. Da fiyanon nan Aminu Ala yake jera baitoci masu ƙafiya da ma'auni. Da ita Dauda Rarara, ɗan Kahutu ta ƙaramar hukumar Ɗanja, ya hana 'yan siyasa barci tun zaɓen 2015, kuma ko kana jam'iyyarsa ko ba ka yi, in ka saurari zambonsa da habaicinsa ka san daga tsohon gida suka fito. Mai abin faɗa yana faɗa, ko da kalangu ko da akwatin ƙarya.

In ana neman wanda ya kori makaɗa daga fili, a zo a fara da ni. Yaushe rabon da ɗayanmu ya sayi waƙa da kuɗinsa? Zamanin kaset ko ba komai ana zuwa kasuwa a saya. Daga nan aka koma wurin masu turi, ka miƙa memori a cika maka shi da waƙa ɗari biyu a kan 'yan canji, ko sisi ba ya isa hannun wanda ya rera. Yanzu ma an huta da zuwa, WhatsApp ya ɗauke mana wahalar. Turawa sun shiga irin wannan a 1999 da Napster ya fito, matasa suka riƙa musayar waƙa kyauta ta intanet, kamfanoni suka kai shi kotu har ya rufe a 2001, daga baya aka samo tsarin saurare da biyan kuɗin wata. Mu namu mawaƙin, in ka cire 'yan ƙalilan da YouTube ke ɗan yayyafa musu, gonarsa biyu ce: biki da siyasa. Don ya ci abinci sai ya haɗa biki biyu ko uku a dare ɗaya, kuma daga baya na ji cewa namu ne na biyu a daren. Wanda ke wannan tsere ba zai ɗauko mutum goma da ganguna a bas ba. Ni kuma da muna ciniki da yaronsa a waya, na matse shi kamar mai sayen akuya a kasuwar Mai'aduwa, har sai da ya ce, "Alhaji, a bar shi haka don girmanka." Na kashe waya ina jin na yi wayo. Kuɗin filashi na biya, na zauna ina jiran Shata.

Wannan bai wanke yaron ba. Da ya ce mini a kan wannan kuɗin sai dai ya zo ya motsa baki a ɗauki hoto, da na san abin da na saya, wataƙila ma in yarda, don 'yan matan hoton suke so. Shirun da ya yi shi ne cutar.

Masu cewa hukuma ta hana kuwa, ina jin zafinsu, amma ban ga inda hani ya taɓa koya wa wani waƙa ba. A 1966 John Lennon na Beatles ya yi katoɓara, ya ce ƙungiyarsu ta fi Annabi Isa, alaihis salam, farin jini. Mutane suka fusata, kuma da gaskiyarsu, har sai da ya fito ya ba da haƙuri a Chicago. A kudancin Amurka gidajen rediyo suka shirya gangamin ƙona faifan ƙungiyar. Sai dai duk faifan da aka jefa a wuta an riga an biya kuɗinsa, mai shago ya ƙirga ya sa a aljihu. Wancan ma magana ce ta taɓa addini, wadda dole a tsawatar a kanta ko da wane kiɗa aka yi ta. Ba ta shafi a ce wane kayan kiɗa ne halattaccen ɗan gargajiya ba. Mu nan ma mun gani, duk waƙar da aka ce an haramta, washegari ita kowa ke tambaya a wurin masu turi, har wanda bai taɓa jin sunan mawaƙin ba.

Abin da nake so ya fi hani sauƙi, ya kuma fi shi zafi. A shekarar da asirin Milli Vanilli ya fara tonuwa, a Nuwamban 1989, tashar MTV ta fara wani shiri mai suna Unplugged, ma'ana an zare waya daga bango. Mawaƙi zai zauna a kujera gaban 'yan kallo kaɗan, da kayan kiɗa na hannu, ya rera da bakinsa. Manyan mawaƙa suka riƙa rububin shiga, don nan ne ake bambance gwani da ɗan rakiya. Me zai hana gidajen rediyo da talabijin na Katsina su ware awa ɗaya a sati su yi irin wannan? A kawo yaron da ke tashe, a zaunar da shi tsakanin masu kalangu biyu da mai kuntigi ko gurmi, a ce bismilla. Tsofaffin makaɗa su samu na cefane, yara su ji yadda ake hawa kiɗan da ke numfashi, wanda in ka yi sauri ya bi ka, in ka tsaya ya jira ka. Na tabbata a cikin yaran nan akwai waɗanda za su ba Baffa mamaki. Sauran kuma mura za ta kama su a bakin ƙofa, mu yi musu fatan samun sauƙi.

A wurin biki kuma a riƙa faɗin farashi biyu tun a waya, na baki da na filashi, mai biki ya zaɓi wanda aljihunsa zai ɗauka. A kuma riƙa faɗin sunan yaron da ya haɗa kiɗan da yarinyar da ta yi amshi, don sau da yawa rabin daɗin waƙar nasu ne, kuma su ne ɓoyayyun mawaƙan Farian na garinmu.

Na riga na gwada, don bayan Sallah ƙanena zai aurar da tasa ɗiyar, kuma tun da an ga na ƙware, an sake ɗora mini mawaƙi. Na kira yaron wani, na ce sharaɗina ɗaya ne: waƙa uku da baki, da masu kalangu, kwamfuta a rufe. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce, "Alhaji, oga zai iya, wallahi da amshi ya fara. Amma makaɗa huɗu da 'yan amshi uku, da motarsu da abincinsu, wa zai biya?" Ya faɗi kuɗin, ya ninka na wancan har da ɗoriya.

Da yamma na je gaida Baffa, na same shi a zaure rediyo na kunne. Na kwashe duka na faɗa masa, na ce tun da shi ne jagoran masu son a tono waƙa daga Daura, ga dama ta samu, ko zai sa albarka da wani abu a kuɗin masu kalangu. Ya rage sautin rediyon, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce fansho bai shigo ba tukuna. Sannan ya tambaye ni ko tsofaffin matan nan masu ƙwarya suna da lambar waya.